Ma'aikaci Mai Naƙasa Da Ƙofar Kotu: Sau Nawa A Ke Kai Ƙara Ɗaya?

Ran 26 ga Yuli, 1990, Shugaba George Bush babba ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Amurka. Sashen dokar wanda ya shafi aiki ya hau kan duk kamfanin da ya ke da ma'aikata 15 ko fiye, tun daga 1994. Abin da ta ɗora wa mai ba da aiki abu biyu ne. Kada ya ƙi ɗaukar mutum, ko ya kore shi, saboda naƙasa, muddin mutumin zai iya ainihin aikin. Sa'an nan kuma ya sauƙaƙa masa daidai gwargwado, ko da sāke masa lokacin zuwa, ko da gyara masa wurin zama, ko da ba shi na'urar da zai yi aiki da ita, sai fa in hakan zai jawo wa kamfanin wahala mai tsanani.

Tun daga lokacin nan kotunan ƙasar ba su huta ba. A shekarar kuɗi ta 2020 kaɗai, hukumar da ke karɓar koke-koken bambanci a wurin aiki, wadda a ke taƙaita sunanta EEOC, ta karɓi koke 67,448, kuma fiye da kashi 36 cikin 100 nasu sun ambaci naƙasa. Cikin waɗanda su ke kaiwa gaban alƙali akwai wani iri mai wuyar sha'ani, watau ma'aikaci ɗaya, kamfani ɗaya, amma ƙara ta biyu ko ta uku. Lauyan kamfani ya kan miƙe ya ce an riga an yi wannan shari'a, an gama. Ma'aikaci kuwa ya ce zaluncin bai ƙare ba, don me za a ce ƙara ta ƙare? A kan wannan gardama mu ke so mu yi magana, domin ƙa'idar da a ke yanke ta da ita tana nan a kotunanmu, mun gaje ta daga inda Amurkawa suka gaje ta.

Lauyoyi suna kiran ƙa'idar da sunanta na Latin, res judicata, ma'ana al'amarin da aka riga aka hukunta. In kotun da ke da iko ta yanke hukunci na ƙarshe tsakanin mutum biyu, wanda bai ji daɗi ba hanyarsa ɗaya ce, ɗaukaka ƙara. In ya ɗaukaka ya faɗi, ko ya bar lokaci ya wuce, to, shi ke nan, ba shi da damar ya koma wata kotu ya sāke ɗauko zancen. Har nan babu wanda zai yi musu. Inda mutane su ke tuntuɓe shi ne ƙa'idar ba ta tsaya kan abin da aka faɗa a gaban alƙali ba, ta haɗa har da abin da ya kamata a faɗa aka yi shiru. Asalin wannan tsawaitawa a Ingila ne, cikin shari'ar Henderson da Henderson ta 1843, wata rigimar dukiya tsakanin dangi da ta taso daga Newfoundland, inda alƙali Wigram ya nuna cewa wajibi ne mai ƙara ya kawo dukan maganarsa gaba ɗaya, ba a yarda ya riƙa tsakuro ta kaɗan kaɗan ba. Kotunan tarayya na Amurka suna auna abin da ma'aunin aukuwa: duk haƙƙin da ya taso daga aukuwa guda, kamar kora guda, ƙara guda ce, ko da dokoki biyar ne suka hana wannan korar.

Waɗanda suka zauna kusa da alƙalanmu ba za su ga baƙon abu a nan ba. A fiƙihun Malikiyya alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. In ya ce akwai, a ba shi wa'adi. In wa'adi ya cika bai kawo ba, alƙali ya rubuta cewa ya gaza, kuma daga nan ba a sauraron wata shaida da zai zo da ita daga baya. Amma malamai sun keɓe waɗansu al'amura, kamar jini da saki da nasaba da waƙafi da 'yanta bawa, suka ce waɗannan gazawar mutum ɗaya ba ta rufe su. Abin lura a nan shi ne rufe ƙofa yana tafiya tare da gargaɗi: sai an tambayi mutum baki da baki kafin a rufe. Za mu koma kan wannan.

Hikimar ƙa'idar a fili ta ke. Ba don ita ba, mai kuɗi zai yi ta jan matalauci daga kotu zuwa kotu har ya gaji ya bari, kuma kotu biyu za su iya yanke hukunci biyu masu karo da juna a kan abu ɗaya. Kamfani ma yana da haƙƙi, in ya kare kansa sau ɗaya, a bar shi ya ci gaba da harkarsa. Shaidu suna mantuwa, suna barin aiki, suna mutuwa.

To, me ya sa ƙa'ida mai kyau haka ta ke yawan kama naƙasassu? Dalili na farko yana cikin tsarin dokokin kansu. A Amurka ba a kai ƙarar bambanci saboda naƙasa kotu kai tsaye. Tilas ma'aikaci ya fara kai koke ga hukumar nan EEOC cikin kwana 180 daga ranar da aka cuce shi, ko kwana 300 a jihohin da ke da irin hukumar tasu. Sai hukumar ta ba shi takardar izinin kai ƙara, sa'an nan yana da kwana 90 ya shigar da ita. Amma akwai waɗansu dokoki da ba su bukatar wannan jira. Misali dokar 1993 wadda ta ba ma'aikaci izinin hutun jiyya har mako 12 ba tare da ya rasa aikinsa ba: wanda aka tauye masa wannan haƙƙi, gobe ma yana iya zuwa kotu. Mutumin da aka kora yana kwance a asibiti, sau da yawa dokokin nan biyu duk an karya su a kansa rana ɗaya. Ƙofa ɗaya a buɗe, ɗaya kuwa sai an jira mabuɗi. Wanda albashinsa ya yanke, ga kuɗin magani, wace za ka ce ya fara shiga?

Haka ta faru ga wata mata a Jihar Fensilfaniya, ma'aikaciyar kamfanin Star Enterprises. Ta kamu da ciwon daji, aka kore ta a 1997. Ta kai kokenta ga hukuma bisa dokar naƙasassu, kamar yadda aka shar'anta, kana ta shigar da ƙara a kotun tarayya bisa dokar hutun jiyya. Aka yi shari'a, ta yi nasara. Bayan haka ta shigar da ƙara ta biyu bisa dokar naƙasassu, wadda diyyarta ta fi yawa, domin a ƙarƙashinta a kan biya mutum har don ɓacin rai da wulakancin da ya sha, abin da dokar hutun jiyya ba ta biya. Kotun ɗaukaka ƙara da ke Filadelfiya ta yanke a 1999 cewa ƙara ta biyu ba ta da wurin zama. Kora ɗaya ce, shaidu ɗaya ne, takardu ɗaya ne. Alƙalan suka ce da ma tana da hanya: bayan kwana 180 doka ta ba ta damar ta nemi takardar izini ko hukuma ba ta gama bincike ba, kuma tana iya roƙon alƙalin farko ya jingine shari'a har takardar ta iso, a haɗa ƙararrakin biyu a ji su tare. Shekara guda bayan wannan, kotun ɗaukaka ƙara da ke Atlanta ta bi wannan hanya a shari'ar wani ma'aikacin kamfanin United Technologies, wanda aka kori da'awarsa ta naƙasa a karo na farko don ba shi da takardar izini, da ya samo ta ya dawo kuma aka ce ai an riga an rufe.

Mu duba abin da ya faru ga matar nan da kyau. Babu kotun da ta ce ba a nuna mata bambanci ba. Hasali ma kotun farko ta tabbatar cewa korar ta saɓa wa doka. Ba ta ɓoye kome ba, kamfanin ya san da kokenta a gaban hukuma tun farko, saboda haka ba za a ce an yi masa kwanton ɓauna ba. Abin da ya kashe ƙararta kuskuren tsari ne, irin wanda lauya ya kan yi, ba irin wanda mai jinya ya kan sani ba. Gaba kura, baya siyaki: in ta jira hukuma ta zauna ba albashi, in ta yi sauri ta rasa rabin haƙƙinta. A ganinmu a nan kotunan Amurka sun riƙe harafin ƙa'ida sun saki manufarta. Manufar ita ce kada a wahalar da wanda a ke ƙara sau biyu da gangan. Majalisa ce da kanta ta gina ƙofofin nan biyu ta sa musu lokaci dabam dabam, sa'an nan aka ɗora wa ma'aikaci laifin rashin shigarsu a tare. Da a ce alƙalin farko yana da wajibin yin abin da ya yi kama da i'izari, ya tambayi mai ƙara ko tana da wani koke a kan wannan kora a wani wuri, ya gargaɗe ta cewa hukuncinsa zai rufe shi, da minti biyu sun isa su hana wannan hasara.

Ingila, inda ƙa'idar ta fito, ta sassauta ta. A shari'ar Johnson da Gore Wood ta shekarar 2000, Lord Bingham ya bayyana cewa don kawai ana iya kawo magana a shari'ar farko, wannan bai isa a ce kawo ta daga baya laifi ne ba. Sai alƙali ya auna dukan al'amarin, ya tambayi kansa ko wannan mutum yana wasa da kotu ne, ko yana musguna wa abokin shari'arsa. Masu suka sun ce wannan ya bar abu a hannun alƙali, ba wanda zai san matsayinsa tun da wuri, kuma sukar tana da ƙarfi, domin kamfani yana so ya san ranar da zai rufe fayil. Duk da haka mun fi karkata ga hanyar Ingila a irin waɗannan ƙararraki, inda ɗaya gefen kamfani ne mai lauyoyi a kan albashi, ɗaya gefen kuwa mutum ne da ya rasa lafiya da aiki a wata ɗaya.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi. Yawancin shari'u a kan abin da ya wuce a ke yinsu: an sayi gona, an karya alkawari, mota ta buge mutum. Abin ya auku, ya ƙare, sai a auna shi. Amma wajibin sauƙaƙa wa mai naƙasa wajibi ne na kullum, yana nan ran Litinin, yana nan ran Talata, muddin mutumin yana bakin aiki. Naƙasa kuma ba ta zama wuri ɗaya. Ido yana ƙara dushewa, ciwon baya yana tsananta ko ya yi sauƙi, sabuwar na'ura tana fitowa wadda za ta sa abin da ya gagara bara ya yiwu bana. Shugabannin wurin aiki ma suna sākewa. Mutum biyu da za su ci gaba da zama tare bayan hukunci, lalle za a sami sabon saɓani tsakaninsu.

A nan dokar Amurka ta tsaya a inda ya dace. Tun 1955, a shari'ar kamfanin National Screen Service, wadda ta shafi cinikin hotunan tallan sinima, Kotun Ƙoli ta bakin Babban Joji Earl Warren ta yanke cewa hukunci ba ya kashe haƙƙin da bai riga ya wanzu ba a lokacin da aka yi shi. An kori ƙarar farko a 1943 bayan sulhu, masu ƙara suka dawo a 1949 a kan abubuwan da aka yi musu daga baya, kotu ta ce a saurare su, domin in an hana su, an ba wanda a ke ƙara lasin ya yi ta karya doka nan gaba ke nan. A watan Mayu na 2020 Kotun Ƙoli ta sāke ƙarfafa wannan, baki ɗaya, a rigimar alamar kasuwanci tsakanin kamfanonin tufafi Lucky Brand da Marcel, waɗanda suka yi kusan shekara 20 suna shari'a har zagaye uku. Ko ɗaya cikin biyun nan ba shari'ar naƙasa ba ce, amma da su a ke auna ta naƙasa. Akwai kuma hukuncin 2002 a kan kamfanin jirgin ƙasa na Amtrak, wanda ya ce kowane aiki tsayayye, kamar kora ko hana ƙarin girma ko ƙin canja wa mutum wuri, laifi ne mai zaman kansa, da nasa lissafin kwanaki.

Saboda haka kamfanin da ya ci shari'a bai sayi ma'aikacin ba. A ɗauka wani akawu ne idonsa ya raunana, ya nemi a saya masa na'urar da ke ƙara girman rubutu, aka ƙi, ya kai ƙara, ya faɗi domin kotu ta ga a lokacin yana iya aikinsa ba tare da ita ba. Bayan shekara uku idon ya ƙara lalacewa, likita ya rubuta, ya sāke roƙo, aka sāke ƙi. Wannan sabuwar magana ce, hukuncin farko bai taɓa ta ba. In kuwa washegarin hukunci ya sāke rubuta takardar nan tasa ta dā, babu abin da ya sāke a jikinsa ko a ofis, don kawai a ƙi ya sami abin kai ƙara, to, tsohuwar ƙara ce ya sa mata sabuwar riga, kuma alƙali zai gane ta. Tsakanin waɗannan misalai biyu ne wahalar ta ke, kuma yawancin ƙararraki a tsakiyar su ke faɗawa. Har in an karɓi sabuwar ƙara, duk wani batu da aka yi gardama a kansa a shari'ar farko aka yanke, kamar a ce ɗaukar kaya masu nauyi yana cikin ainihin wannan aiki, ya zauna ke nan tsakaninsu, ba a sāke buɗe shi sai in aikin kansa ya canja.

Kada kuma a manta da ramuwar gayya. Dokar 1990 ta hana a hukunta ma'aikaci don ya kai koke, ko da koken nasa bai yi nasara ba, in dai da kyakkyawar niyya ya kai shi. Cikin lissafin nan na 2020, fiye da rabin koke-koken, watau kusan kashi 56 cikin 100, sun ambaci ramuwar gayya. Mutum ya kai shugabansa ƙara, ya dawo ya zauna a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san yadda rahoton shekara ya kan kasance bayan haka. Ƙara ta biyu sau da yawa ɗiyar ta farko ce, kuma wanda ya haife ta ba kullum ne ma'aikaci ba.

Akwai wata fuska ta ƙa'idar wadda ba ta da sassauci ko kaɗan. Hukunci yana ɗaure mutum ko da daga baya ya bayyana cewa an fahimci doka ba daidai ba; Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 1981 a shari'ar kantunan Federated. Naƙasassu sun ɗanɗana ɗacin wannan. A 1999, a ƙarar waɗansu tagwaye mata masu raunin ganin nesa da kamfanin United Air Lines ya ƙi ɗauka aikin tuƙin jirgin sama, Kotun Ƙoli ta ce in tabarau ko magani yana gyara matsalar mutum, to, da gyaran za a auna shi, watau ba naƙasasshe ba ne a idon doka. A 2002, a shari'ar kamfanin Toyota, ta ƙara ƙuntata ma'anar kalmar. Sakamakon haka masu farfaɗiya da masu ciwon sukari da yawa aka kore su daga kotu tun kafin a tambayi me aka yi musu. Wani bincike da Farfesa Ruth Colker ta buga a 1999 ya nuna kamfanoni ne ke cin fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan shari'u da aka yanke a kotunan farko. A 2008 Majalisa ta gyara dokar, ta ambaci hukunce-hukuncen nan biyu da suna ta ce ba haka ta nufa ba, gyaran ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 2009. Amma bai koma baya ba. Duk wanda ya faɗi a cikin shekarun nan, ya faɗi ke nan. Ba mu ga yadda za a yi dabam ba, domin in kowane gyaran doka zai tono tsofaffin shari'u, babu hukuncin da zai taɓa zama. Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya cewa akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan zaman lafiya, kuma ba kamfanoni ba ne.

Wani shinge mai kama da wannan shi ne a kama mutum da bakinsa. Wata mata a Jihar Texas ta sami shanyewar ɓarin jiki a 1994. Ta nemi kuɗin tallafin Gwamnati na waɗanda ba su iya aiki, ta rubuta cewa ta naƙasa. Ta ɗan sami sauƙi ta koma aiki, kamfanin Policy Management Systems ya kore ta, ta kai ƙara tana cewa da an sauƙaƙa mata da ta iya. Kotunan ƙasa suka ce ba ta da bakin magana, ta riga ta shaida wa Gwamnati ba ta iya aiki. A 1999 Kotun Ƙoli, ta bakin alƙali Breyer, ta rushe wannan baki ɗaya. Dalilinta shi ne ofishin tallafi ba ya tambaya ko mutum zai iya aiki in an sauƙaƙa masa, dokar naƙasassu kuwa wannan ita ce ainihin tambayarta, saboda haka maganganun biyu suna iya zama gaskiya tare. Abin da aka ɗora wa mai ƙara shi ne ta yi bayanin yadda suka dace. Wannan hukunci ya nuna kotun tana iya duban halin da mai naƙasa ya ke ciki in ta ga dama, shi ya sa tsananin da aka yi wa matar Fensilfaniya a shekarar nan ɗaya ya ke ba mu mamaki.

Ba mu ce babu masu fitina ba. Akwai mutumin da shari'a ta zame masa sana'a, ya kai kamfani, ya kai lauyan kamfani, ya kai alƙalin da ya yanke. Ingila ta yi dokar masu yawan ƙarar banza tun 1896, saboda wani tsohon lauya, Alexander Chaffers, wanda ya shigar da ƙara 48 a kan manyan ƙasa, har da Yariman Wales. Jihar Kalifoniya ta yi tata a 1963: wanda ya kai ƙara biyar da kansa ba lauya cikin shekara bakwai, duk ya faɗi, ana iya hana shi shigar da wata sai da izinin alƙali. Kotu kuma tana iya sa mai ƙara ya biya kuɗin lauyan kamfani, amma bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 1978 sai in ƙarar ba ta da tushe sam, faɗuwa kaɗai ba ta isa ba. Tun da waɗannan magunguna suna nan domin mai fitina, ba mu ga dalilin da zai sa a riƙa shayar da su, ta bayan gida, ga wanda ya yi kuskuren tsari sau ɗaya ba.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Ta sa tarar Naira 1,000,000 a kan kamfani, Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida a kan mutum, ta nemi ma'aikatun Gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Kotunanmu suna aiki da ƙa'idar rufe shari'a, da sharuɗɗanta da aka sani: mutane ɗaya, batu ɗaya, hukunci na ƙarshe, daga kotun da ke da iko. Kotun Ƙoli tamu kuma, a shari'ar Saraki da Kotoye ta 1992, ta lissafa yawaita ƙara a kan abu ɗaya cikin wasa da kotu. Mu ma muna da ƙofofi fiye da ɗaya, domin gyaran tsarin mulki na 2010 ya mai da rigingimun aiki, har da bambanci a wurin aiki, ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, alhali mutane sun saba kai kukan tauye haƙƙi Babbar Kotu. Malamin makarantar da aka sallama don ƙafarsa ko idonsa, in zai kai ƙara, ya zauna da lauyansa tun ran farko su lissafa duk abin da ya ke bi, albashi da hutu da fansho da diyyar bambanci, su sa a takarda ɗaya a kotu ɗaya. Akawun da ke riƙe da fayilolin ma'aikata kuwa ya rubuta kwanan watan kowane roƙo, da takardar likitan da ta zo tare da shi, da amsar da aka bayar da dalilinta, domin ran da aka koma gaban alƙali karo na biyu, da waɗannan kwanakin ne za a rarrabe tsohuwar ƙara da sabuwa.